Li Na: 'Yar wasan tanis ɗin ƙasar Sin da ta kai ƙololuwa bayan ta fita daga hannun gwamnati

Li Na tsohuwar 'yar wasan ƙwallon tanis ce daga ƙasar Sin, kuma ita ce mutum ta farko daga nahiyar Asiya da ta lashe kofin wasan ɗaiɗai a ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na duniya da ake kira Grand Slam. Ta ɗauki kofin French Open a 2011 da na Australian Open a 2014, ta kuma kai matsayi na biyu a jerin gwanayen mata na duniya kafin ta yi ritaya. Gwamnati ce ta rene ta tun tana yarinya, amma manyan nasarorinta sun zo ne bayan 2008, lokacin da aka ƙyale ta ta zaɓi kocinta, ta tsara tafiye-tafiyenta, ta kuma riƙe mafi yawan kuɗin da ta ci.

Tasowarta

An haifi Li Na ranar 26 ga Fabrairu, 1982, a birnin Wuhan na lardin Hubei. Mahaifinta ɗan wasan badminton ne, shi ya sa ta fara da wannan wasa tun tana 'yar shekara shida, kafin masu horarwa su mayar da ita ga tanis bayan shekara biyu zuwa uku. Mahaifin ya rasu tana da shekara 14, sai wasan ya zame mata hanyar taimakon mahaifiyarta.

A tsarin wasannin ƙasar Sin na wancan zamani, hukuma ce ke zaɓo yara masu baiwa, ta ba su masauki da abinci da koci, ta biya kuɗin tafiya. Ita ce kuma ke yanke gasar da ɗan wasa zai shiga, sannan ta karɓi kaso mafi tsoka na ladan da ya samu. Babban burin tsarin shi ne lambobin zinare a gasar Olamfik da wasannin cikin gida tsakanin larduna. Li ta shiga tawagar ƙasa a 1997, kamfanin Nike ya ɗauki nauyin horonta na wata goma a makarantar tanis ta John Newcombe da ke jihar Texas a Amurka, ta zama ƙwararriyar 'yar wasa a 1999.

Ficewar farko da dawowa

A ƙarshen 2002, tana da shekara 20, Li ta ajiye wasa ta bar tawagar ƙasa. Daga baya ta yi bayanin cewa rashin lafiya da tsananin horon da babu yabo a cikinsa sun gajiyar da ita. Ta shiga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Huazhong a Wuhan tana karanta aikin jarida tare da Jiang Shan, abokin wasanta wanda ta aura a 2006. Sai a 2009 ta kammala digirin.

Ta dawo fili a 2004. A watan Oktoba na shekarar ta lashe gasar Guangzhou, ta zama Basiniya ta farko da ta ɗauki kofin wasan ɗaiɗai a gasannin hukumar tanis ta mata, WTA. A 2006 ta kai zagayen 'yan takwas a Wimbledon, matakin da babu ɗan ƙasarta da ya taɓa takawa a wasan ɗaiɗai na Grand Slam. Domin a gane nisan wurin, Nduka Odizor na Najeriya ya tsaya ne a zagaye na huɗu na wannan gasa a 1983, mataki ɗaya kafin nan. A gasar Olamfik ta Beijing a 2008, Li ta doke Venus Williams, amma Dinara Safina ta tsayar da ita a wasan kusa da na ƙarshe, Vera Zvonareva kuma ta hana ta lambar tagulla.

Tashi da fikafikanta

Bayan gasar Beijing, hukumar tanis ta ƙasar ƙarƙashin Sun Jinfang ta amince da wani gwaji da Sinawa suka kira danfei, ma'ana tsuntsu ya tashi shi kaɗai. 'Yan wasa huɗu aka bai wa wannan dama: Li Na da Zheng Jie da Yan Zi da Peng Shuai. A da hukuma na karɓar kashi 65 cikin ɗari na ladan gasa. A sabon tsarin abin ya sauko zuwa tsakanin kashi 8 da 12. Sharaɗin shi ne 'yar wasa ta biya kocinta da likitanta da kuɗin jirgi da masauki daga aljihunta. Wadda ta yi rauni ko ta daina cin wasa, asarar a kanta take.

Li ta shiga wannan kasada da gwiwar da aka riga aka yi wa tiyata. A Janairun 2010 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Australian Open, ta zama Basiniya ta farko cikin gwanaye goma na duniya. Shekara guda bayan haka ta kai wasan ƙarshe a wannan gasa, bayan ta doke ta ɗaya a duniya, Caroline Wozniacki, a wasan da saura maki ɗaya a fitar da ita. Kim Clijsters ce ta ɗauki kofin.

Kofuna biyu

Da wasanta ya ja baya bayan Melbourne, Li ta sauke mijinta daga matsayin babban koci ta ɗauko Michael Mortensen na Denmark, shawarar da a tsohon tsari sai hukuma ta yanke. A filin jar ƙasa na birnin Paris ta doke Petra Kvitova da Victoria Azarenka da Maria Sharapova a jere. Ranar 4 ga Yuni, 2011, ta doke mai riƙe da kofin, Francesca Schiavone ta Italiya, da ci 6-4, 7-6. An ƙiyasta mutum miliyan 116 ne suka kalli wasan a talabijin a ƙasar Sin.

Nasarar ta kawo mata yarjejeniyar talla da kamfanoni irin su Mercedes-Benz, ta kuma kawo matsin da ya dagula mata wasa fiye da shekara guda. Bayan an fitar da ita a zagayen farko na Olamfik ɗin Landan a 2012, ta ɗauki Carlos Rodríguez, tsohon kocin Justine Henin, ta lashe gasar Cincinnati cikin makonni kaɗan. A wasan ƙarshe na Australian Open a 2013 ta faɗi sau biyu, ta gurɗe a ƙafa ta bugu a kai, Azarenka ta yi nasara. Ta koma Melbourne a 2014, ta tsira daga Lucie Safarova a zagaye na uku saura maki ɗaya a fitar da ita, sannan ranar 25 ga Janairu ta doke Dominika Cibulkova da ci 7-6, 6-0. Ranar 17 ga Fabrairu ta hau matsayi na biyu a duniya, bayan Serena Williams.

Tsakaninta da hukuma

Li ba ta taɓa fitowa a matsayin 'yar adawar siyasa ba, kuma ta ci gaba da wakiltar ƙasarta. Duk da haka an daɗe ana muhawara a kanta a gida. Al'adar da aka saba ita ce ɗan wasan da ya yi nasara ya fara da gode wa ƙasa. A Paris ta gode wa masu ɗaukar nauyinta da tawagarta da masu kallo. Jami'ai sun riƙa tunatar da jama'a cewa kuɗin gwamnati ne ya gina ta, kuma tsarin ya riga ya samar da zinaren Li Ting da Sun Tiantian a wasan bibbiyu na Olamfik ɗin Athens a 2004. Matasa da yawa a intanet kuwa sun ɗauke ta shaida cewa baiwa ta fi haɓaka idan mai ita ke riƙe da ragama. Lokacin da gwamnatin Hubei ta miƙa mata cakin yuwan 800,000 bayan kofin 2014, hoton fuskarta babu murmushi ya yaɗu, wasu kuma suka tambayi dalilin bai wa attajira kuɗin jama'a.

Ritaya

Li ta sanar da ritayarta ranar 19 ga Satumba, 2014, tana da shekara 32, bayan tiyata huɗu a gwiwoyinta. Ta bar fili da kofunan WTA tara na wasan ɗaiɗai da ladan gasa na kusan dala miliyan 16.7. A wannan watan aka buɗe gasar Wuhan Open a garinsu, ba ta buga ba. A 2019 aka shigar da ita zauren girmama gwanayen tanis na duniya da ke Newport a Amurka, ta farko daga Asiya. Zheng Qinwen, wadda ta ci zinaren wasan ɗaiɗai a Olamfik ɗin Paris a 2024, 'yar lardin Hubei ce da ta yi horo a Wuhan, kuma tana da shekara 11 lokacin da ta kalli wasan ƙarshe na Li da Cibulkova a talabijin.