Ajiyar Bayanan Wayar Android da Maido da Su

Galibin manyan wayoyin da ke hannun 'yan kasuwa da ma'aikata a Ƙaraye da Rogo, irin su Tecno da Infinix da Itel, suna aiki ne da manhajar Android, wadda aka gina bisa ginshiƙin Linux. Ajiyar bayanai ita ce adana kwafin abin da ke cikin wayar a wani wuri dabam, domin ranar da ta ɓace ko ta lalace.

Kamfanin Google yana bai wa kowane asusu gigabayit 15 kyauta, inda ake adana lambobi da saƙonni da hotuna. Tun 2024, hirarrakin WhatsApp ma cikin wannan kaso ake lissafa su, kuma idan ya cika ajiya takan tsaya. Inda intanet ke da rauni, ana iya kwafe lambobi da hotuna a memori, sai dai memorin da aka bari cikin waya tare da ita ɓarawo zai tafi.

Wajen maidowa ake shan wuya. WhatsApp ba ya dawo da hira sai da lambar da aka yi ajiyar da ita da asusun Google ɗin nan, kuma a lokacin girka shi kaɗai yake ba da damar. Sau da yawa mai shagon waya ne ya buɗe asusun, mai wayar bai san kalmar sirrinsa ba. Dillalin hatsin da lissafin bashinsa ke cikin saƙonnin murya yana iya rasa hujjarsa ta haka. Layin da ya ɓace kuwa, ana karɓo shi a ofishin kamfanin sadarwa da lambar NIN.