Dandalin Guna: Daga Dokin Kara zuwa Salula

A ƙasar Guna, kudu da Miriya a jihar Damagaram ta Nijar, wasa yana bin sawun gona ne. Da damina yaro ba shi da lokacin kansa: ko yana bayan ubansa da hauya, ko yana tsare awaki kada su faɗa wa shuka. Sai an yanke gero an kai rumbu, an saki dabbobi, wata ya yi fari, sannan dandali ke cika. Babu mai aika goron gayyata. Yaro ɗaya ya yi kira daga bakin hanya, kafin a jima gidaje sun zube.

Abin da ya haɗa wasannin dandali shi ne ba sa yiwuwa sai da taro, kuma ba sa cin ko dala. Ɗauki langa. A raba yara gida biyu, kowa ya lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe da hannu, ya tsaya a kan ɗayar. Kowane ɓangare na da wanda ake kira ruwa, shi ake so ya kutsa ya kai wurin sha, sauran kuma su tare masa hanya, su ture abokan gaba. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Ƙato yana da amfani wajen turi, amma sau da yawa ɗan siririn nan mai zillewa ake ba ruwa, don haka ba a raina kowa. Yara ashirin sukan kai tsakar dare a kan wannan, su koma gida gumi sharkaf. Ga ɗan akuyana, inda ake yin da'ira a riƙe hannuwa, na tsakiya yana neman inda ya yi rauni ya ɓalle. Ga ɓuya, ga kokowa a kan rairayi.

Ƴan mata kuwa nasu fagen ya fi armashi. A gaɗa sukan tsaya kamu-kamu suna tafi, ɗaya ta fito ta yi rawa, ta juya baya ta saki jikinta gaba ɗaya, ƙawayenta su cafe ta su cilla ta sama. Yarinyar da ba ta yarda da hannun ƴan'uwanta ba, ba ta iya wannan. Waƙar ma a nan take ake saƙa ta, da yabo da habaici, har saurayin da ya yi rowa ranar kasuwa ya ji sunansa ya fito. Da rana sai carafke da ƴan duwatsu, ko gala-gala da aka zana a ƙasa.

Yara madubin zamaninsu ne. Lokacin da Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye birnin Damagaram da ganuwa, ya sa maƙera suna zuba masa igwa, doki da mahayi su ne abin sha'awar duk ƙasar. Ba mamaki dokin kara ya zama abin hawan kowane yaro, kuma dattawa kan ce langa da kokowa su ne makarantar farko ta mazaje. Daga wannan tushe wasan kara ya yi suna a Damagaram: bayan kaka samari su naɗa nasu sarki da fadawa da dogarai, su kwaikwayi tafiyar manya da maganarsu, jama'a na dariya, manyan ma na kallo. Da Faransawa suka ci ƙasar a 1899, sai kwamanda da tafintansa da sojansa suka shiga jerin waɗanda ake kwaikwayo. Daga baya gwamna da minista suka bi.

Turawa sun zo da lakwal, wato makarantar boko, lakwal ta zo da ƙwallo da usur da mushe, wato malami, mai tsayawa yana ba da umarni. Damagaram ce hedikwatar mulkinsu har 1926 da aka mayar da ita Yamai, don haka yaran birni sun riga na ƙauye gani. Amma ƙwallo bai kori langa ba. Yaran karkara suka ɗaure tsumma da igiya, suka kafa duwatsu biyu a matsayin raga, ya zama wasa ɗaya cikin wasanni. Sabon abu dai shi ne an fara samun babba a tsakiyar fili. A dandali, babban yaro ne ke raba gardama, ya koya wa ƙanensa doka, shi kuma ya koya wa na bayansa.

Zamanin Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulkin Nijar a 1974, an farfaɗo da Samariya. Kowane gari da unguwa da sarkin samarinsa, ana gayya, ana share fili, ana shirya wasanni da raye-raye don bikin matasa na ƙasa. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin zakara. Tun daga nan kokowa ta samu gata: fage a babban birnin kowace jiha, kyautar kuɗi da doki, rediyo na kai faɗuwar kowane ɗan kokowa har cikin bukkar makiyayi. Langa ma ta samu ɗan rabo, domin a Najeriya tana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a bikin wasanni na ƙasa, da alƙali da riguna masu lamba. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai hukuma ta ɗauki wasan da ake iya ba wa kofi ne kawai. Gaɗa ba ta da zakara, ɗan akuyana ba shi da maki, don haka aka bar su inda aka same su.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Talabijin, sannan gidan kallo mai janareta da finafinan Kano tun daga shekarun 1990, sannan salula a farkon shekarun 2000. Wa'azi ya yi ƙarfi a kan fitar ƴan mata da dare da cuɗanya da samari, iyaye da yawa suka ja ƴaƴansu gida, ba tare da an tanadar musu wani fili da rana ba. Cin rani kuma ya kwashe matasa ƴan sha biyar zuwa sama, su tafi Kano ko Agadas ko Libiya da zarar an gama girbi. Wannan na ƙarshe ya fi damuna. Su ne masu riƙe da dokokin wasa, kuma lokacin tafiyarsu shi ne daidai lokacin dandali. Yaro ɗan shekara takwas ba zai koyi langa a bakin kakansa ba, sai ya ga wansa yana yi.

Ba a ce wasa ya mutu ba. Har yau a garuruwan Guna ana tashe da azumi, ana tura gare, ana ƙera mota da kara da gwangwani, ana kokowa a bakin tafki. Yaran ma ba su ragu ba: ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar, mutum sama da miliyan uku da rabi, kuma kusan rabin ƴan ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Filin ne ke raguwa. Miriya da Magarya da Matameye suna cikin yankunan da suka fi cunkoso, gona ta matso har jikin danga, kuma duk wani sarari a tsakiyar gari akwai mai ido a kansa don gini ko rumfar kasuwa. Tun da aka kafa kominoni aka yi zaɓensu na farko a 2004, yankan filaye ya zama aikin da ake yi a kusa, gaban mai gari da hukumar komin. Idan za a fitar da wurin masallaci da makaranta da rijiya, ina ganin wajibi ne a fitar da dandali a rubuta shi a takarda, a bar masa gawo ko kuka ɗaya don inuwa, kada wani ya wayi gari ya kafa masa turaku.