Ƙwarya, Tasa da Langa: Tarihin Kwanukan Abinci a Ƙasar Hausa

Kafin kayan masana'antu su cika kasuwanni, abin da Bahaushe ke cin abinci a cikinsa daga gona da daji yake fitowa, domin ƙwarya 'yar duma ce, akushi kuwa itace ne da masassaƙi ya rarake ya baƙanta. Duma tsiro ne mai yaɗo da ake shukawa a gefen gona ko a bar shi ya hau danga, wanda idan 'ya'yansa suka ƙosa suka bushe sai a fafe su, wato a raba su biyu a kwashe cikinsu a kankare, a sami masaki daga manyan, da ƙwarya daga matsakaita, da ƙoƙo daga ƙananan. Ƙwarya ta dace da fura da nono da kunu saboda rashin nauyinta, shi kuma akushi aka keɓe shi ga tuwo, musamman na maigida, domin kaurin itacensa yana riƙe ɗumi idan aka rufe shi da faifai.

Ƙarkon waɗannan kaya bai tsaya ga ƙin fashewa ba, kuma nan ne ma'aunin mutanen da ya bambanta da na yau. Kowa ya san ƙwarya tana tsagewa, shi ya sa ake cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe, amma tsagewarta ba ta kawo ƙarshen amfaninta, tunda akwai gyartai, wato mai sana'ar ɗinkin ƙwarya, wanda ke huda gefe da gefen tsagar ya ɗinke ta har ta sake riƙe ruwa. Wadda ba ta cikin aiki kuma ana rataye ta a ragaya, nesa da gara da ƙafar yara. Saboda haka abu mai ƙarko a wancan zamani shi ne wanda ake iya gyarawa, ake kuma iya samun madadinsa daga damina zuwa damina ba tare da an ci bashi ba.

Tasa, wato kwanon tagulla ko na jan ƙarfe, matsayinta daban ne. Ƙarfen da ake yin ta da shi daga nesa fatake ke kawo shi, kuma Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya isa Kano a 1851, ya lissafa jan ƙarfe cikin hajojin da ake shigowa da su birnin. Maƙeran farfaru, waɗanda aikinsu ya shafi tagulla da azurfa saɓanin maƙeran babbaƙu masu ƙera fartanya da gatari, su ne ke sarrafa shi, kuma na Bida a ƙasar Nufe sun yi suna ƙwarai wajen buga tasoshi masu zane. Tsadar tasa ta sa ba kasafai ake zuba mata tuwon yau da kullum ba, sai ta zama abin jere, wato kayan da ake shiryawa a ɗakin amarya, wani kan wani, domin ado da nuna gatan da iyayenta suka yi mata. Tun daga nan kwanukan gida suka rabu biyu, na aiki da na ajiya, kuma na ajiyar dukiyar mace ce ta kanta, wadda shari'a ba ta ba miji iko a kanta ba, ko da aure ya mutu da ita take fita.

Isowar layin dogo Kano a 1911, da bunƙasar cinikin gyaɗa da ta biyo baya, sun sa kuɗi a hannun manoma, sun kuma cika kantunan kamfanonin Turawa irin su John Holt da CFAO da UAC da kayan ƙetare. Cikin waɗannan kaya babu wanda ya shiga ɗakunan mata kamar kwanon da aka sani da langa, da 'yan uwansa fanteka da kumbo da kwalla. Kwano ne na siririn ƙarfe da ake lulluɓewa da garin gilashi a gasa a wuta mai zafin kusan digiri 800, har gilashin ya narke ya manne, ya zama fata mai sheƙi wadda ba ta shan mai, ba ta riƙe warin daddawa, tana kuma ɗaukar zanen furanni masu launi. Da farko daga Turai ake kawo shi, musamman Cekoslobakiya, daga baya Hong Kong ta mamaye kasuwar, sannan da harajin shigo da kaya ya ƙaru dab da samun 'yancin kai sai masu masana'antun Hong Kong ɗin suka taso suka kafa nasu a Najeriya. An kafa kamfanin Nigerian Enamelware a 1960, masana'antarsa tana Ikeja, aka kuma buɗe irinta a Kano.

Abin da ya ba langa nasara shi ne ta haɗa ayyuka biyun da da suke rabe. Ana iya aika tuwo da miya a cikinta zuwa zaure ko maƙwabta, da murfinta, ba tare da tsoron yaro ya fasa ba, kuma ana iya jera ta har ta kai rufin ɗaki. Idan ta faɗi fatarta tana ɓarewa, tsatsa ta kama wurin har ya huje, amma mai faci yana liƙe hudar ta ci gaba da aiki a madafa. Wadda ba a taɓa amfani da ita ba kuwa tamkar kuɗi ce a ajiye, domin idan buƙata ta taso dillaliya za ta ɗauka ta kewaya da ita gidaje ta sayar. Binciken Enid Schildkrout a Kano a shekarun 1970, da na Barbara Cooper a Maraɗi, sun nuna yadda uwaye ke shafe shekaru suna tara kayan ɗaki da ribar sana'ar cikin gida da tallar 'ya'yansu mata. Masu kallon jere a matsayin almubazzaranci kawai ba su yi wa matan adalci ba, ganin cewa mace mai kulle, wadda banki bai san da ita ba, ba ta da wata ma'ajiya da ta fi wannan aminci, ko da yake gasar da ta shiga al'adar ta jefa iyaye da yawa cikin wahala, ta kuma tsare yara mata a kan talla lokacin da ya kamata suna makaranta.

Gwamnatin mulkin mallaka ta yi yunƙurin samar da kwanukan yumɓu masu sheƙi a cikin gida, inda maginin tukwane Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950, cibiyar da shahararriyar mai ginin tukwane Ladi Kwali ta shiga a 1954. Kayan sun yi suna har a Landan, amma nauyinsu da tsadarsu sun hana su shiga ɗakin talaka.

Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya kawo tangaran da gilashi da kabad ɗin jera su, sannan karyewar darajar naira bayan 1986 ta tura gidaje da yawa ga roba, wadda masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano ke fitarwa da arha. Kula, wato kwano mai bango biyu da ke tsare zafin abinci, ta karɓi aikin akushi ta kuma yi shi da kyau. Sai dai roba idan ta tsage ko ta ƙone ba kasafai ake gyara ta ba, tangaran idan ya fashe shi ke nan, kuma babu ɗayansu da dillaliya za ta sayar da daraja bayan shekara goma. Cikin kayan zamani, kwanon silba ne kaɗai ya kusanci tsohon ma'aunin, tunda ba ya fashewa, ba ya tsatsa, lotsawarsa ana buge ta ta miƙe, kuma ko ya gama aiki 'yan gwangwan suna auna shi a sikeli su biya kuɗinsa.