Na'urar CPAP da Yadda Ake Karanta Bayanan Numfashin Dare

Ɗaukewar numfashi cikin barci kan faru ne idan maƙogwaro ya toshe na aƙalla daƙiƙa 10, sau da dama a dare guda. Sakaci da lalurar na iya jawo hawan jini da ciwon zuciya.

Na'urar CPAP, wadda likitan Ostareliya Colin Sullivan ya gabatar a 1981, tana hura iska ta takunkumin hanci domin hanyar numfashi ta zauna a buɗe.

Da safe na'urar kan nuna ma'aunin AHI, wato adadin yankewa ko raguwar numfashi a kowace awa. Ƙasa da 5 alama ce maganin na aiki. Idan ya haura, a duba ko iska na zurarewa ta gefen takunkumin. Sauya ƙarfin iskar kuwa aikin likita ne.