Yaye da Raino a Ƙasar Haɗeja

A ƙasar Haɗeja, inda noma da su da kiwo suka daɗe suna bin cikar kogi da janyewarsa, tarbiyyar ƙananan yara ta ginu ne a kan fahimtar cewa yaro ba ya barin abin da ya saba da shi farat ɗaya, sai an bi da shi da lalama. Wannan fahimta ta fi bayyana a yaye, wato raba yaro da nonon uwa idan ya doshi shekara biyu, wa'adin shayarwa da Suratul Baƙara ta ambata.

Tun kafin ranar yaye akan saba wa yaro da kunu da fura, sa'an nan a karɓo masa rubutu, wato ayoyin da malami ke rubutawa a allo a wanke a ba shi ya sha, kafin a kai shi wurin kakarsa ko gwaggonsa, wadda ya riga ya sani, domin ya mance da nono a hannun da ba baƙo ba. Saboda gudun yaye na gaggawa ne al'umma ke ƙyamar kwanika, wato mace ta ɗauki ciki alhali tana shayarwa. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya nuna irin wannan tsari a ƙasar Zazzau.

Haka abin yake a harkokin yini. Yayin da mata ke surfe ko gyaran shinkafar fadama, yaro kan tashi daga bayan uwa, inda zane da majanyi ke riƙe da shi, zuwa hannun 'yar raino, kiran salla yana raba masa lokutan ci da wanka, tatsuniya kuma tana sanar da shi isowar barci.

Amma zamani ya kawo sauyi: gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ya rage ambaliyar da fadamu ke dogaro da ita, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin farko, ta yadda yaro ke barin gida da wuri fiye da dā. Wajibi ne malaman azuzuwan ƙananan yara su gaji hikimar kakanni, su riƙa sanar da yaro abin da ke tafe, su kuma ba shi lokacin sabawa kafin su raba shi da abin da yake yi.