Tarihin Sunan Tudor: Yadda Sunan Kaka Ya Zama Sunan Gidan Sarauta

A wannan makon mun leƙa yankin Wales na ƙasar Birtaniya, domin bin diddigin wani suna da ba kasafai ake jin masu shi ba a yau, wato Tudor.

A da, mutanen Wales ba su da sunan dangi. Mutum yakan faɗi sunansa, ya sa kalmar "ap" mai nufin "ɗan", sannan ya jero uba da kaka. Haka aka san wani ɗan zuriyar Penmynydd da ke tsibirin Anglesey: Owain ap Maredudd ap Tudur. Da ya shiga hidima a fadar Ingila, inda aka saba da suna biyu kacal, sai ya koma Owen Tudor. Sunan uba ya faɗi, na kaka ya tsaya.

Owen ya auri Catherine, wadda Sarki Henry na Biyar ya rasu ya bari. A 1461 aka fille masa kai a garin Hereford lokacin yaƙin neman sarauta. Jikansa Henry ne ya ci yaƙin Bosworth a 1485, ya hau karaga a matsayin Henry na Bakwai. Gidan ya yi shekara 118 yana mulki, har Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta rasu a 1603 ba ta bar ɗa ba.

Abin mamaki, ɗan wannan gida, Henry na Takwas, shi ya haɗe Wales da Ingila da dokokin 1536 da 1543, Turanci ya zama harshen kotu. Sannu a hankali "ap" ta narke cikin sunaye: ap Hywel ya koma Powell, ap Rhys ya koma Price.

Mu ma mun san irin wannan. Rajistar makarantar boko ta sa wasu sun ɗauki sunan uba, wasu sunan gari, kamar Malam Aminu Kano da Shehu Shagari. Yau katin ɗan ƙasa suna biyu ko uku yake ɗauka, sauran salsalar tana bakin dattawa. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan kurmi, nawa ne za su iya faɗin sunan kakan kakansu? Mu zauna da dattawanmu mu rubuta tun suna raye. Allah ya ja kwanansu, amin.

Sakatare