Asalin Tsarin Raba Sababbin Likitoci ga Asibitocin Amurka

A Amurka, wanda ya kammala makarantar koyon aikin likita ba ya samun izinin duba marasa lafiya shi kaɗai sai ya yi horon sanin makamar aiki a asibiti, kuma hanyar da ake bi wajen haɗa kowane ɗalibi da asibitin da zai horar da shi ta samo asali ne daga wani ruɗani da ya dabaibaye asibitocin ƙasar a rabin farko na ƙarni na 20. Guraben horo sun fi ɗalibai yawa a wancan zamani, saboda haka asibitoci suka shiga rige-rige, har ta kai a farkon shekarun 1940 ana yi wa ɗalibi tayin aiki saura shekara biyu ya gama karatu, alhali ba a ga kamun ludayinsa a ɗakin majinyata ba.

A 1945 makarantun suka amince su riƙe takardun ɗalibai zuwa wata ranar da aka tsayar, sai matsalar ta sauya kama, domin asibitoci sun koma ba ɗalibi wa'adin da ya yi ta raguwa har ya zama 'yan sa'o'i, ko dai ya karɓi tayi ko a miƙa wa wani. Wannan ya sa a 1952 aka fara aiki da cibiya guda, wadda yanzu ake kira NRMP, inda ɗalibi ke jera asibitoci bisa zaɓinsa, asibiti ma ya jera ɗalibai, sannan a haɗa su ta wata ƙa'idar lissafi. Ɗaliban ne ma, ƙarƙashin jagorancin Hardy Hendren na Harvard, suka sa aka gyara ƙa'idar farko, wadda ke cutar da duk wanda ya sa babban asibiti a sahun gaba bai samu ba.

Dalilin ɗorewar tsarin bai fito fili ba sai a 1984, lokacin da masanin tattalin arziki Alvin Roth ya nuna cewa ƙa'idar ta yi daidai da wadda David Gale da Lloyd Shapley suka wallafa a 1962, wato tana samar da rabo mai daidaito, wanda a cikinsa babu ɗalibi da asibitin da za su gwammace juna a kan abin da aka ba su. Binciken Roth a Birtaniya ya ƙarfafa wannan hujja, domin tsarin Newcastle da na Birmingham, waɗanda ba su da wannan siffa, sun rushe, na Edinburgh da Cardiff kuwa suka ci gaba. Tun daga 1998 ana amfani da sabuwar ƙa'idar Roth da Elliott Peranson, wadda ke farawa daga zaɓin ɗalibai, tana kuma lura da ma'auratan da ke neman gurbi a gari ɗaya.